Yadda Aka Auna Tsufana

Na shiga binciken lafiyar tsofaffi ba don ina fama da wata cuta ba, kuma ba ni na nemi shiga ba. Sunana ya faɗo ne cikin waɗanda kwamfuta ta zaɓo daga jerin mutanen da suka haura shekara 65, aka aiko mini da takardar gayyata, daga baya wata ma'aikaciya ta kira ni a waya ta ji ko na karanta. Abin da na fara tambayarta shi ne dalilin da ya hana su yin shela duk mai so ya zo, tunda tsofaffi da yawa za su yi murnar a duba lafiyarsu a kyauta. Ta ce ai matsalar ke nan, domin idan aka yi shela masu ƙarfin tafiya da masu kula da jikinsu ne za su cika wurin, a rasa waɗanda ƙafa ta gaza da waɗanda ba su cika fita ba, sai binciken ya nuna tsufa ya fi yadda yake sauƙi. Ko babban binciken nan na Birtaniya mai suna UK Biobank, wanda ya tara mutum kusan 500,000 tsakanin 2006 da 2010, bai tsira daga wannan ba, domin kashi 5.5 cikin 100 na waɗanda aka gayyata ne kawai suka amsa, kuma an gano cewa sun fi sauran jama'a lafiya, ba su kuma kai su shan taba ba.

A zaman farko ba a taɓa jikina ba ko kaɗan, magana ce kawai da karatu. Wani matashin likita ya zaunar da ni, ya miƙo mini takardar neman amincewa mai shafuka masu yawa, ya ce ba zai karɓi sa hannuna ba sai mun bi ta layi-layi. An bayyana a ciki abin da za a yi mini, da yawan jinin da za a ɗiba, da inda za a ajiye shi, da waɗanda za su iya ganin bayanaina, da cewa za a cire sunana a sa lamba a madadinsa. An kuma rubuta cewa ina da ikon janyewa duk ranar da na ga dama ba tare da na faɗi dalili ba, kuma janyewar ba za ta shafi kulawar da nake samu a asibiti ba. Wuraren sa hannu dabam-dabam ne: na gwaje-gwajen jiki, da na ajiye jini domin binciken da ba a ma tsara ba tukuna, da na izinin duba fayil ɗina na asibiti, sai kuma na sunan wani makusancina da za a tuntuɓa idan na kai halin da ba zan iya amsa tambaya ba, ko kuwa na rasu. Mutanen nan ba su ɓoye mini komai ba, niyyarsu ita ce su bi ni har ƙarshen rayuwata, kuma ranar mutuwata da sanadinta suna cikin abin da suke son rubutawa.

"Baba, abu ɗaya nake so ka riƙe," in ji likitan, "nan ba wurin magani ba ne, kuma mu ba likitocinka ba ne. Idan muka ga abu mai haɗari za mu gaya maka, mu rubuta wa likitanka, amma amfanin aikin nan wataƙila jikokinka ne za su gan shi." Wannan taka-tsantsan yana da asali. An rubuta ƙa'idojin Nuremberg na yin bincike a kan mutane a 1947 bayan ta'asar da likitocin Nazi suka yi wa fursunoni, Ƙungiyar Likitoci ta Duniya kuma ta fitar da sanarwar Helsinki a 1964, amma duk da haka a garin Tuskegee na Amurka an ci gaba da bibiyar ɗaruruwan baƙaƙen fata masu ciwon tunjere daga 1932 har zuwa 1972 ba tare da an gaya musu gaskiyar ciwonsu ba, ba a kuma ba su maganin penisilin ba ko bayan ya wadata. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ga tsawon takardar a matsayin ɓata lokaci ba.

Kafin in sa hannu na tambaye shi abin da ya hana su tara matasa da tsofaffi a rana ɗaya su auna su, su kwatanta, kowa ya huta. Amsarsa ita ce ta sa na fahimci aikin baki ɗaya. Ɗan shekara 75 na yau da ɗan shekara 30 na yau ba shekaru kaɗai suka raba su ba, domin sun tashi a zamani dabam, da cututtukan yarinta dabam, da karatu da sana'a dabam, sannan ɗan shekara 75 wanda ya rage ne cikin tsaransa bayan da yawa sun riga shi tafiya. Hanyar gane abin da tsufa kansa yake yi ita ce a riƙe mutum ɗaya ana auna shi shekara da shekaru, ana kwatanta shi da kansa na da. Haka binciken tsufa na birnin Baltimore ya fara a 1958 a ƙarƙashin Nathan Shock, da maza kaɗai har zuwa 1978 da aka fara ɗaukar mata, kuma yana gudana har yau. Daga cikin abin da ya koyar akwai cewa tsufa dabam cuta dabam, kuma tsofaffi sun fi matasa bambanta da juna, ta yadda za a sami tsara biyu ɗaya yana noma ɗaya ba ya iya tashi daga gado. Binciken garin Framingham na Amurka kuwa, wanda ya fara a 1948 da mutum 5,209, yana cikin waɗanda suka rushe tsohon tunanin likitoci cewa hawan jini a tsufa abu ne da aka saba wanda bai kamata a dame shi ba, domin ya nuna yadda yake kai mutane ga shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya.

Ranar awo an ce in zo da sassafe ban ci komai ba tun dare, in kuma taho da duk magungunan da nake sha a cikin kwalayensu, har da waɗanda na saya da kaina ba da takardar likita ba. Ma'aikaciyar jinya ta zazzage su a kan tebur, ta rubuta sunan kowanne da ƙarfinsa da lokacin shansa, domin masu bincike suna sa ido a kan wanda yake shan magani iri 5 ko fiye a kullum, tunda magunguna suna iya cin karo da juna a jikin da ƙodarsa da hantarsa suka rage sauri. Aka ɗebi jini a 'yan kwalabe, aka karɓi fitsari, aka auna tsayi da nauyi da faɗin ƙugu. Awon hawan jini ne ya sha bamban da wanda na saba: ta kwantar da ni na minti 5 ta auna, sannan ta ce in miƙe tsaye, ta sake aunawa bayan minti 1 da bayan minti 3. Abin da take dubawa shi ne ko lambar sama za ta sauka da maki 20 ko ta ƙasa da maki 10, wanda alama ce cewa jini ba ya saurin isa ƙwaƙwalwa idan mutum ya tashi, kuma yana cikin dalilan jiri da faɗuwar tsofaffi. Tawa ta sauka har ta kai wannan iyaka, ko da yake ban ji komai ba sai ɗan duhu-duhu a ido wanda na daɗe da sabawa da shi.

Bayan na karya sai aka shiga tambayoyi, kuma su ne suka fi cin lokaci. An tambaye ni ko ina iya wanka da sa tufafi da zuwa bayan gida da cin abinci ba tare da taimako ba, ko ina iya lissafin kuɗina da kaina, ko barci yana yanke mini, ko fitsari yana kufce mini, ko na faɗi a cikin shekarar da ta wuce, da yawan mutanen da nake magana da su a mako, da ko nakan ji kaɗaici. Dattijo yakan ji nauyin amsa wasu daga cikin waɗannan a gaban wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, kuma harshe yakan so ya ce lafiya lau a wuce wurin. Sai dai duk amsar da aka gyara don kunya takan zama lambar ƙarya a cikin lissafinsu, babu kuma na'urar da za ta gano ta daga baya, don haka na daure na faɗi yadda abin yake.

Daga nan muka shiga wani dogon ɗaki wanda babu komai a cikinsa sai kujera mara hannu, da layuka biyu da aka manna a ƙasa, da wata 'yar na'ura mai mariƙi da agogon lamba a samanta. Na zo ina tsammanin manyan injuna, ashe a wannan ɗaki mara kaya ne mafi yawan abin da suke nema yake. Na'urar ta awon ƙarfin damƙa ce. Ma'aikaciyar jinyar ta zaunar da ni, ta lanƙwasa gwiwar hannuna, ta ce in matse mariƙin da iyakar ƙarfina, muka maimaita a kowane hannu, ta ɗauki lamba mafi girma. Na lura cewa kalmomin da take zuga ni da su ba sa canzawa, "Matsa, Baba, ƙara matsawa, to saki," ashe rubutattu ne, kowa da su ake zuga shi, domin wanda aka fi zugawa yakan fi matsawa. A ƙa'idar da ƙwararrun Turai suka sabunta aka buga a 2019, namijin da damƙarsa ta gaza kilo 27 ko macen da ta gaza kilo 16 ana zargin tsokarsa ta fara ƙarewa. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2015, wanda ya bi mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, ya nuna cewa duk ragin kilo 5 a ƙarfin damƙa yana tafe da ƙarin kashi 16 cikin 100 na haɗarin mutuwa, har ma damƙar ta fi lambar sama ta hawan jini nuna wanda zai riga wani tafiya. Wannan ba ya nufin wanda ya zauna yana matse ƙarfe kullum zai ƙara wa kansa kwana. Hannun alama ce kawai ta halin da tsokar jiki duka da jijiyoyi suke ciki, an kuma zaɓe shi ne don ya fi sauƙin aunawa.

Layukan da ke ƙasa kuwa tsakaninsu mita 4 ne, kuma abin da aka ce in yi shi ne in taka daga wannan zuwa wancan da tafiyata ta kullum, ba sauri ba nawa, ita kuma tana riƙe da agogon ƙidayar sakan. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, amma a wannan ɗaki ana rubuta sannun, domin wanda saurinsa bai wuce mita 0.8 a sakan ɗaya ba ana sa shi cikin waɗanda jikinsu ya fara gazawa. Stephanie Studenski da abokan aikinta sun haɗa bayanan tsofaffi 34,485 suka buga a 2011, suka nuna cewa saurin tafiya, idan aka haɗa shi da shekaru da jinsi, yana hasashen tsawon rai kusan daidai da lissafin da ya tattaro cututtuka da shan taba da kwanciyar asibiti. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: tafiya tana buƙatar zuciya da huhu da tsoka da gaɓoɓi da ido da ƙwaƙwalwa su yi aiki tare, duk wanda ya raunana a cikinsu ƙafa za ta faɗa. Sai kujerar, inda aka ce in rungume hannuwana a ƙirji in tashi in zauna sau 5 da iyakar saurina, wanda ya wuce sakan 15 kuma ana ɗaukar ƙafafunsa sun yi rauni. A nan ne na gane yadda na daɗe ina dafa gwiwa kafin in miƙe ban sani ba. Na ƙarshe shi ne tsayuwa ta sakan 10 da ƙafafu a haɗe, sannan ƙafa ɗaya ta ɗan wuce ɗaya, sannan diddige a jikin yatsu, ita kuma tana tsaye daf da ni ko da zan yi tangaɗi. Tafiyar da kujerar da tsayuwar ana haɗa su a ba da maki daga 0 zuwa 12, tsarin da Jack Guralnik da abokansa suka buga a 1994.

A ganina wannan shi ne babban sauyin da fannin ya kawo, cewa an daina tambayar tsoho sunayen cututtukansa kaɗai, an koma tambayar abin da jikinsa yake iya yi. Linda Fried da abokan aikinta sun tsara wannan a 2001 da alamomi 5 na raunin tsufa: ramar da ba a nema ba, da yawan gajiya, da raunin damƙa, da jinkirin tafiya, da ƙarancin motsi. Mai 3 ko fiye ya shiga rauni, mai 1 ko 2 yana bakin shiga. Mutum yana iya zama da ciwon suga da hawan jini amma babu ko ɗaya daga cikin alamomin nan a jikinsa, wani kuma babu sunan cuta a fayil ɗinsa amma mura kaɗai ta isa ta kwantar da shi ya kasa tashi.

Gwajin ƙwaƙwalwa ne ya fi tayar mini da hankali, kuma na ga alama haka yake ga kowa, domin tsoho yana iya yarda ƙafarsa ta gaza amma ba ya son a ce gigin tsufa ya fara taɓa shi. Gwajin da aka yi mini shi ne na Montreal, wanda likita Ziad Nasreddine ya tsara aka buga a 2005, mai maki 30, wanda ake ɗaukar 26 zuwa sama a matsayin lafiya. Aka karanta mini kalmomi 5 aka ce in riƙe, sannan aka shagaltar da ni da wasu ayyuka: in zana agogo in nuna ƙarfe 11 da minti 10, in kwaikwayi wani zane, in faɗi sunayen dabbobin da ke hoto, in riƙa cire 7 daga 100 ina sauka, in jero kalmomin da suka fara da wani harafi cikin minti 1, in faɗi kwanan wata da inda muke. Da aka dawo kan kalmomin nan wasu suka zo nan take, ɗaya ta ƙi zuwa sai da aka ba ni alama, kuma wannan ma ana rubutawa, domin kalmar da ta dawo da alama tana nuna an ajiye ta nemo ta ne ya yi wuya, wadda ko da alama ba ta dawo ba kuwa ita ta fi damun likitoci.

Ina da ƙorafi a kan irin wannan gwaji, na kuma faɗa musu. Wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba, ko bai saba da agogon hannu ba, ko aka yi masa tambayar da harshen da ba nasa ba, zai faɗi ko da ƙwaƙwalwarsa garau take. Masu gwajin sun san da haka, shi ya sa ake ƙara maki 1 ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba, amma maki 1 bai isa ya cike tazarar da ke tsakanin malamin makaranta da makiyayin da ya san kowace dabba a garkensa ba. Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali shi ne cewa a bincike mai dogon zango makin ranar farko ba hukunci ba ne, mafari ne da za a riƙa kwatanta na gaba da shi. An kuma auna jina a wani ƙaramin ɗaki mai toshe sauti, abin da na ɗauka ba shi da alaƙa da mantuwa, sai na ji cewa kwamitin Lancet kan cutar mantuwa ya lissafa abubuwa 14 a rahotonsa na 2024 waɗanda idan aka magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar, kuma raunin ji yana ciki, tare da hawan jini da ciwon suga da shan taba da rashin motsa jiki da kaɗaici da raunin gani.

Hoton ƙashi bai ɗauki lokaci ba. Na kwanta a kan wani gado, na'ura ta bi ta saman ƙugu da ƙashin baya tana auna taurinsu, a kwatanta da na matashi mai lafiya, wanda makinsa ya kai 2.5 ƙasa da sifili kuma ana cewa ƙashinsa ya yi rauni bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1994.

Wani kaso na jinina an daskarar da shi a sanyin da ya kai digiri 80 ƙasa da sifili, domin masu binciken abin da ke tsofar da ƙwayoyin halitta. Na tambayi likitan a kan wannan, domin shi ne ɓangaren da jaridu suka fi yayatawa. Tun a 1961 Leonard Hayflick ya nuna cewa ƙwayoyin jikin mutum da ake renon su a ɗakin gwaji suna rabuwa kusan sau 50 ne su tsaya, a 2009 kuma Elizabeth Blackburn da Carol Greider da Jack Szostak suka sami kyautar Nobel a kan murfin da ke kare ƙarshen zaren da ke ɗauke da gadon halitta a cikin ƙwayoyin jiki, da sinadarin da ke gyara murfin. A 2013 Steve Horvath ya fitar da wani lissafi da ke duba alamomi a wurare 353 a jikin sinadarin gado ya ƙiyasta shekarun mutum. Na nemi a gaya mini nawa idan an auna, aka ce ba za a gaya mini ba, domin lissafin yana da amfani wajen kwatanta dubban mutane amma ba a kai ga sanin abin da likita zai yi da shi a kan mutum ɗaya ba. Na ga adalcin wannan amsa. An san tun 1935, daga aikin Clive McCay, cewa rage wa ɓeraye abinci yana ƙara musu kwana, a 2009 kuma maganin rapamaisin ya tsawaita ran ɓerayen da suka riga suka manyanta, amma har yau babu wani magani da aka tabbatar yana jinkirta tsufan ɗan Adam. Duk mai tallar irin wannan ƙwaya ya riga masu bincike sanin abin da ba su gano ba.

Bayan 'yan makonni takardar sakamako ta iso, kuma gajeriya ce. Ta ƙunshi awon suga na watanni biyu zuwa uku, wanda 6.5 zuwa sama ke nuna ciwon, da aikin ƙoda, da yawan jini, da kitsen jini, da taurin ƙashi, da ji. An ja layi a ƙarƙashin saukar jinina idan na miƙe, aka haɗa da wasiƙa zuwa ga likitana, shi kuma ya sake aunawa ya gyara ɗaya daga cikin magungunan da nake sha, duhun idon nan ya ragu. Wannan ita ce ribar da na samu kai tsaye, kuma ba ita aka shirya binciken dominta ba. Sauran aikin a gida ake yinsa: an ɗaura mini wata 'yar na'ura a wuyan hannu na mako guda tana ƙidaya motsi da barci, an ba ni kalanda in riƙa sa alama duk ranar da na faɗi ko na kwana a asibiti, ana kuma kira lokaci-lokaci a tambayi abin da ya sauya.

Da zagaye na biyu ya zo an maimaita komai yadda aka yi a farko, da na'urori iri ɗaya da kalmomi iri ɗaya, sai jerin kalmomin haddar ne aka sauya, domin mutum yakan ƙware a gwajin da ya taɓa yi har makinsa ya tashi alhali ƙwaƙwalwar ba ta ƙaru ba. Damƙata tana nan kusan yadda take, tafiyata ta ɗan ragu, aka ce awo biyu ba su isa a ce ga inda aka dosa ba, domin ciwon gwiwa na rana ɗaya ko rashin barci yana iya sauya lamba. Wasu daga cikin fuskokin da na gani a farko ba su dawo ba, kuma wannan shi ne babban ciwon kan masu irin wannan bincike, tunda waɗanda suka fi rauni su ne suke fara daina zuwa. Shi ya sa suke bin mutane har gida da na'urar damƙa da agogonsu, idan ma mutum ba ya iya magana su zauna da mai jinyarsa.

A wannan zagaye ne aka gayyace ni shiga wani gwaji na dabam a kan motsa jiki. Bibiya tana iya nuna cewa masu motsa jiki sun fi daɗewa da ƙafarsu, amma ba ta iya tabbatar da ko motsin ne ya ba su lafiya ko lafiyar ce ta ba su damar motsi. Raba wannan gardama sai da ƙuri'a: kwamfuta ta kasa mutane gida biyu ba tare da zaɓin kowa ba, a yi wa kashi ɗaya abin da ake gwadawa, a bar ɗayan don kwatance. Irin wannan gwaji ne ya sauya tunani a kan asfirin, wanda tsofaffi masu lafiya da yawa suke sha kullum don kariya, lokacin da binciken ASPREE na mutum 19,114 a Ostireliya da Amurka ya nuna a 2018 cewa bai ƙara musu shekarun lafiya ba, sai dai ya ƙara zubar jini mai haɗari. A ɓangaren motsi kuwa labarin ya fi daɗi. A 1990 Maria Fiatarone ta sa tsofaffi 10 masu shekara 86 zuwa 96 ɗaga nauyi da ƙafa na mako 8, ƙarfin 9 da suka kammala ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici, a 2014 kuma binciken LIFE na mutum 1,635 masu shekara 70 zuwa 89 ya nuna cewa kashi 30.1 na masu motsa jiki ne suka kai ga kasa takawa mita 400, idan aka kwatanta da kashi 35.5 na waɗanda aka yi wa bitar lafiya kawai. Tazarar ba mai ban mamaki ba ce, amma ta gaskiya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu shekara 60 zuwa sama za su kai biliyan 2.1 a 2050, don haka kashi 5 cikin 100 na irin wannan taro ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙuri'ar ta jefa ni cikin rukunin kwatance, masu zuwa sauraron bitar lafiya, ba masu atisaye ba, kuma ban ji daɗin haka ba, domin atisayen ne ya ja ni. An gargaɗe ni kada in gaya wa mai awo rukunin da nake, saboda sanin haka yana iya sa hannunta ya yi jinkiri ko sauri a kan agogo ba da niyya ba. Sai dai tun ranar kujerar nan na ɗauki ɗabi'ar tashi ba tare da dafa gwiwa ba, ina kuma maimaita tashi da zama da safe, don haka da mai kula da gwajin ya tambaye ni ko ina wani motsa jiki da kaina, na gaya masa. Ya ce, "Baba, ba mu da ikon hana ka, kuma gara da ka faɗa." Ya rubuta yawan abin da nake yi, ya kuma bayyana mini cewa irina suna rage tazarar da ke tsakanin rukunonin biyu, har amfanin atisayen ya fito ƙasa da yadda yake. Duk da haka a lissafin ƙarshe za a ƙidaya ni ne a rukunin da ƙuri'a ta sa ni, domin da za a riƙa mayar da kowa inda halinsa ya kai shi, masu ƙwazo za su taru a gefe ɗaya, ƙuri'ar kuma ta tashi a banza. Gwajin bai ƙare ba tukuna, kuma ko su masu gudanar da shi ba a ba su damar ganin rukunin da ke gaba ba, sai wani kwamiti mai zaman kansa da ke duba alƙaluman lokaci-lokaci, wanda yake da ikon tsayar da aikin idan ya ga wani rukuni yana cutuwa.